Yadda ƙungiyar sana'a za ta nemi haƙƙinta wurin 'yan siyasa ba tare da an saye ta ba

Da zarar kakar siyasa ta matso, sai ƙungiyoyi su cika garin Katsina: ta matasa, ta mata, ta masoya wane. A buga allo, a ɗinka riguna iri ɗaya, a je gidan ɗan takara a yi mubaya'a, a karɓo kuɗin mota. Rigunan nan mu muke ɗinka su, saboda haka mun san ranar da ake kawo yadi da rawar jiki, mun kuma san ranar da ake daina zuwa biyan ciko. Ni tela ne, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura, kuma na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyarmu ta maɗinka a matsayin sakatare. Wannan bayani na yi shi ne don masu ƙungiyar da ke nan kafin zaɓe kuma za ta ci gaba bayansa: teloli, mahauta, masu Keke Napep, manoman rani, masu sayar da hatsi, ƙungiyar ci gaban unguwa.

Ku fara da sanin matsayinku a doka, don nan ne ake yawan ruɗa mutane. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya don kare muradunsa. Amma sashe na 221 ya ce in ba jam'iyyar siyasa ba, babu ƙungiyar da za ta nema wa ɗan takara ƙuri'a ko ta zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko a hidimar zaɓensa. Jam'iyya ita ke tsayar da ɗan takara, ita ke neman kujera, kuma sai ta yi rajista da INEC, hedikwatarta tana Abuja, ƙofarta a buɗe ga kowane ɗan ƙasa. Ku kuwa aikinku shi ne matsa wa wanda ya hau kujerar ya yi muku abu takamaimai. Na san a aikace ana yin mubaya'a kullum ba wanda ya ce uffan. Duk da haka ku haddace lambar sashen nan, domin garkuwa ce. Ranar da wani jami'in kamfe ya ce ku fito gidan rediyo ku ce duk telolin Katsina suna bayan mai gidansa, sai shugabanku ya ce, “Yallaɓai, tsarin mulki ne ya ɗaure mu, amma kowane ɗanmu yana da ƙuri'arsa.” Ba a yi faɗa ba, ba a kuma sayar da kai ba.

In kuma mulkin kuke so da kanku, wannan wata hanya ce daban, an kuma bi ta a baya. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta fara ne a matsayin ƙungiyar al'adu ta 'yan boko, sai a 1951 ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC. Jam'iyyar Labour ma ƙungiyar ƙwadago ce ta haife ta. To amma sai ku san cewa ranar da kuka zama jam'iyya, ko reshen wata jam'iyya, rabin 'ya'yanku za su kama gabansu, domin a layin shagunanmu kaɗai akwai ɗan APC, akwai ɗan PDP, akwai mai jar hula, akwai wanda tun rasuwar Malam Aminu Kano a 1983 ya ce shi ya gama siyasa.

Maganar rajista ba doguwa ba ce. Ƙaramar ƙungiya tana iya farawa da rajistar ƙaramar hukuma ko ta jiha, in ta yi ƙarfi ta je hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ta yi rajistar amintattu, wadda za ta ba ta damar buɗe asusun banki da mallakar kadara da sunanta. Ku sa mutum uku a kan asusun, kada kuɗi su fita sai biyu sun sa hannu.

Abin da ya fi takardar rajista nauyi shi ne littafin 'yan ƙungiya. Duk wanda ya je gaban ɗan siyasa cewa yake yi “muna da mutum dubu biyar”, shi kuma ya ji wannan magana har ta gundure shi. Namu littafin babban rajista ne mai baƙin bango, irin wanda ake kiran suna da shi a makaranta. Kowane shafi an ja masa layi: suna, unguwa, mazaɓa, rumfar zaɓe, ko yana da katin zaɓe a hannu, sai yawan yaran da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa waɗanda suka kai shekara 18. Layin nan na ƙarshe shi ne ke ɗaga lissafi, domin tela ɗaya yana iya samun yara huɗu ko biyar a shago. Mata masu ɗinki a cikin gida ma sai an bi su an rubuta, ta hannun shugabarsu, don duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa ya ga yadda layin mata yake. Bayan haka sai ku tara adadin mazaɓa mazaɓa: Wakilin Kudu kaza, Wakilin Yamma kaza, Kangiwa kaza, Shinkafi kaza. Wannan jimlar ce za ku nuna. Sunaye da lambobin waya kuwa ba su barin hannun sakatare, lambar katin zaɓe ma ba a rubuta ta gaba ɗaya. In wani ya ce ku tattaro masa katunan mutane ko hotunansu don a raba tallafi, ku ce a'a, ko da tallafin na gaske ne. Kati a aljihun mai shi yake kwana.

Me ya sa lissafin mazaɓa yake da tasiri? Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma ɗan siyasa da mazaɓa yake tunani. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Atiku Abubakar na PDP ne ya zo na ɗaya a jihar nan, da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba tsakaninsa da Bola Tinubu. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci gwamna da rata mai faɗi. Mutanen su ne dai, rumfunan su ne. 'Yan siyasa sun karanta wannan fiye da mu: sun san Bakatsine yana iya raba ƙuri'arsa, kuma ɗari biyu a mazaɓa guda ba abin wasa ba ne ga mai neman majalisar jiha.

Sai buƙata. Ku zaɓi guda ɗaya, in ta yi yawa biyu. A taronmu, in aka buɗe fage, wani zai ce wuta, wani jari, wani tsadar zare da shadda, wani haraji, wani ma ya kawo maganar tsaro da farashin masara. Duka gaskiya ne. Amma takarda mai buƙata goma sha biyu sauƙi take ba wanda aka kai wa, ya ce “za mu duba” ya wuce, ko ya ɗauki mafi arha ya yi, ya ɗauki hoto. Ku yi ƙuri'a a tsakaninku ku tsayar da wadda za a iya gani da ido in an yi, a kuma gane in ba a yi ba. “A taimaka wa teloli” ba buƙata ba ce. “In gwamnati za ta ɗinka wa 'yan makaranta yunifom, a ba maɗinkan jihar nan aikin ta hannun ƙungiyoyinsu masu rajista, a kuma rubuta haka a cikin sharuɗɗan kwangila”, wannan buƙata ce.

Daga nan ku binciko teburin da maganar take. An sha ɓata tafiya a nan. Kasuwa, tasha, shaguna da rumfuna, kwashe shara, duk tsarin mulki ya sa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, don haka rikicin kuɗin rumfa na kansila ne da ciyaman. Kai wa sanata shi ɓata takarda ne. Abin da ke buƙatar doka ko kuɗi a kasafin jiha na ɗan majalisar jiha ne da kwamishina, kuma kada ku raina darakta da babban sakatare na ma'aikata, don su ke rubuta abin da kwamishina zai sa wa hannu, suna kuma nan bayan ya tafi. Sanatocinmu uku na shiyyoyin Katsina, Daura da Funtuwa, da 'yan majalisar wakilai 15, abin da ke hannunsu shi ne dokar tarayya da ayyukan mazaɓu, irin su taransifoma, rijiyar burtsatse da rabon kekunan ɗinki. Kada kuma ku ɗauka in gwamna ya amsa an gama. Dattawanmu sun ga abin da ya faru lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna: Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna a 1979, majalisa kuwa NPN ke da rinjaye, suka ƙi amince masa da kwamishinoni, a Yunin 1981 suka tsige shi, Abba Musa Rimi ya hau. Majalisa tana da haƙori in ta ga dama.

Lokacin zuwa shi ne inda ƙungiyoyi da yawa suke makara. Suna jira sai an fara kamfe, an cika Filin Polo da jama'a, sannan su nemi ganin ɗan takara. A lokacin kowa yana layi, shi kuma kowa ya zo “na'am” zai ce. Lokacin da kunnensa yake buɗe da gaske shi ne kafin zaɓen fidda gwani, sa'ilin da bai san ko zai samu tikiti ba. Ku duba na gwamna na APC a watan Mayun 2022: daliget 1,805 ne, biyar daga kowace mazaɓa, Dikko Raɗɗa ya samu 506, Mustapha Inuwa ya biyo shi da 442. Jiha mai miliyoyin mutane, amma ƙuri'a sittin da 'yan kai ce ta raba gardama. Dokar Zaɓe ta 2022 da aka yi wancan zaɓe da ita ta ba jam'iyyu zaɓin 'yar tinƙe, ko daliget, ko maslaha. Kowace aka bi, daga mazaɓa abin yake tasowa. Shi ya sa nake gaya wa yaranmu kowa ya je ya yanki katin jam'iyyar da ransa yake so, da sunansa ba da sunan ƙungiya ba, ya riƙa zuwa taron mazaɓa. In aka wayi gari muna da tela a cikin shugabannin mazaɓa na jam'iyyu biyu ko uku, duk wanda ya ci muna da mai ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Lokaci na biyu shi ne kafin kasafin kuɗi. Gwamna yakan kai kasafin shekara mai zuwa majalisa wajen ƙarshen shekara, ma'aikatu kuwa sun gama tsara nasu tun kafin nan. Takardar da ta isa a Janairu ta makara da shekara guda. Ku kai taku tun damina tana tsaka, ku ba ma'aikata, ku ba ɗan majalisarku kwafi, in kuma an kira taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafi, ku je da mutum ɗaya mai iya magana cikin minti uku. Mu dai muna kauce wa watan azumi da goman farko na Zulhajji, ba don komai ba sai don babu telan da zai bar keke a lokacin.

Takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Sunan ƙungiya da lambar rajista a sama, adadin 'ya'yanta mazaɓa mazaɓa, buƙatar a jimla biyu, kiyasin kuɗinta in kun sani, sai sa hannun shugaba da sakatare. Ku yi ta da Hausa da Turanci. Ku riƙe kwafi biyu, ɗaya a bari, ɗaya a buga muku hatimin “an karɓa” da kwanan wata. Wannan hatimi ya fi alkawarin baki goma, don bayan wata shida shi za ku ɗora a kan tebur.

Ku je wurin kowa. In 'yan takara huɗu ne masu ƙarfi, ku kai wa huɗun takarda iri ɗaya a mako guda, kowa ya san an kai wa ɗan'uwansa. Tawaga kada ta wuce mutum biyar, a samu dattijo, a samu mace, a samu matashi, kuma a haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban. Ga yadda zaman yakan kasance. An shimfiɗa kafet a falo, mutane cike, waya tana ta ƙara. Dattijonmu ya gaisa, ya yi addu'a gajera, ya ce, “Ranka ya daɗe, ba mu zo da roƙon aljihu ba, takarda ce muka kawo.” Sai na karanta. Shi kuma ya ce, “Ai ku namu ne, Baba, in Allah ya ba mu, an gama.” A nan ne ake bambanta ƙungiya da 'yan rakiya. Sai Hajiya shugabar mata ta ce, “Honorabul, Allah ya ba da sa'a. A wace shekarar kasafi za mu sa rai, kuma wa za mu riƙa tuntuɓa a ofishinka?” In ya ba da suna da lokaci, na rubuta a gabansa, na karanta masa ya ji. In ya kewaye, shi ma na rubuta cewa ya kewaye. Ranar taro sai a karanta wa 'yan ƙungiya amsar kowane ɗan takara yadda ya ba da ita, ba ƙari ba ragi, kowa ya je ya yi shawara da zuciyarsa.

Za a miƙo ambulan a bakin ƙofa. Ƙin karɓa a garin nan yana iya zama cin fuska, karɓa a ɓoye kuwa shi ne mafarin rushewa. Abin da muka tsayar shi ne a buɗe ta a gaban tawaga duka, a ƙirga, a rubuta a littafi, a kai asusu, a faɗa a taro. Kuɗin motar zuwa kuma daga kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya yake fita, ko naira ɗari biyu-biyu ce, don bakin da ya ci shi ke jin kunya.

Ambulan ma ƙaramin abu ce in aka kwatanta da muƙami. Na ga wata ƙungiyar masu sana'a a garin nan, ba tamu ba, da ta yi ƙarfi har ana shakkarta. Aka kira shugabanta aka ba shi mataimaki na musamman, aka haɗa masa da kujerar Makka. Mutumin kirki ne, bai saci ko kwabo ba. Amma daga ranar, duk wanda ya tashi a taro zai yi ƙorafi sai ya ce, “A yi haƙuri, ana kan magana a sama.” Aka daina zuwa taro, aka daina biyan kuɗin wata, gwamnati ta sauya, aka sauke shi, ya dawo ya tarar babu kowa. Maganin wannan tun kafin ya faru ake yin sa. Ku rubuta a tsarin mulkin ƙungiyarku cewa duk shugaban da ya karɓi muƙamin siyasa, ko ya zama jami'in jam'iyya, ko ya yanki fom ɗin takara, ya sauka a ranar, mataimakinsa ya hau. Ya ci gaba da zama ɗan ƙungiya, a yi masa walima ma in ana so. Ku kuma sa wa'adi, shekara biyu ko uku sau biyu, don shugaban da ya daɗe yakan fara ganin ƙungiyar tasa ce.

Haka in rabo ya zo, kekuna ashirin ga mutum ɗari uku, kada shugabanni su zauna a ɗaki su raba. A fito da littafi, a cire waɗanda suka samu a baya, a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Na ga zumuncin shekaru ya watse a kan keken ɗinki guda.

In an ci zaɓe an yi shiru fa? Ku bi a hankali, mataki mataki. Takardar tuni tukuna, da kwafin mai hatimi a manne. In ba amsa, ku nemi wanda yake jin kunyarsa, limamin unguwarsu, ko hakimi, ko wani malaminsa na makaranta. In ba amsa, majalisa tana da kwamitin karɓar koke-koken jama'a. In aikin na tarayya ne, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa ma'aikata ku tambayi nawa aka ware, wa aka ba kwangila, kuma kwana bakwai doka ta ba su su amsa. Sai rediyo. Minti goma a shirin da ake buga waya yana motsa ofis fiye da wata uku na zirga-zirga, da sharaɗin ku tsaya kan takarda da kwanan wata, ban da zagi, ban da shiga rigar sojojin baka. Da kun zagi mutum, an bar maganar yunifom an koma maganar wa ya turo ku.

Ku kuma nemi abokan tafiya. Gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun takara, wanda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018, ƙungiyoyin matasa ne suka haɗa kai suka bi majalisar tarayya da majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, har aka mayar da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a 2019 da na 70,000 a 2024, manyan ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC ne suka zauna a kansa tare. A namu ƙaramin fagen, in maganar wuta ce, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara ciwonmu ɗaya, takarda mai hatimi huɗu kuwa ba a jefa ta a kwandon shara da sauri.

Zanga-zanga ita ce ta ƙarshe, ni kam ba na saurin ba da shawararta. Ƙungiyar ƙwadago tana iya tsayar da ƙasa, kamar yadda aka gani a Janairun 2012 da aka tilasta wa gwamnati ta sauko da litar fetur zuwa naira 97. Tela in ya rufe shago, kansa ya yi wa yajin aiki. Ga kuma ƙauraye, 'yan dabar garin nan, da ke jiran a taru su shigo, kuma kowa ya ga yadda zanga-zangar Agustan 2024 ta ƙare da dokar hana fita. Kiranye ma ana yawan yi wa 'yan majalisa barazana da shi, amma tsarin mulki ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Ƙungiyar sana'a ba ta da wannan ƙarfin, kada ku furta abin da ba za ku iya ba.

Abin da kuke da iko da shi shi ne littafin nan. Kowane alkawari da ranarsa, kowace takarda da hatiminta, a ajiye a akwatin ƙarfe a shagon ma'aji, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a waya saboda gobara. In shekara huɗu ta zagayo, Honorabul ya aiko yana son ganawa da teloli, ku amsa gayyata, ku je da littafin, sakatare ya buɗe shafin da ya dace ya karanta kafin a shiga sabuwar magana.